Shin manyan jiragen ruwan shaƙatawa suna jan hankalin matafiya? Amsa ga wani Alhaji na Kasuwar Dole

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Saƙonka ya iso tare da bidiyon da ɗanka ya nuna maka a waya, na jirgin ruwan nan mai kama da unguwa guda da aka ɗora bisa teku. Abu biyu ka tambaya: ko da gaske mutane masu hankali suna biyan kuɗinsu su shiga irin wannan cunkoso da sunan hutu, da kuma ko ya dace magidanci irinka ya ɗebi iyalinsa ya kai su. Shekara 19 ke nan ina shirya wa mutane tafiye-tafiye a nan Damagaram, mafi yawa hajji da umara da tikitin ƴan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin, kuma a cikin wannan aiki na hau irin waɗannan jirage sau uku, biyu a Bahar Rum, ɗaya a Tekun Fasha. Da abin da na gani da ido da abin da masu harkar suka wallafa zan ba ka amsa.

Suna jan mutane, kuma ba kaɗan ba. Ƙungiyar kamfanonin da ke wannan sana'a, wadda ake kira CLIA, ta ƙirga fasinja miliyan 29.7 a 2019. Annobar korona ta zo ta tsayar da jiragen cak har wasu suka ɗauka harkar ta mutu, amma a 2023 adadin ya kai miliyan 31.7, a 2024 kuma miliyan 34.6, wato ya zarce yawan al'ummar Nijar baki ɗaya. Wannan lissafi ya haɗa manya da ƙananan jirage, sai dai idan ka duba inda kamfanonin suke zuba dukiyarsu za ka gane wanne ne kasuwa take nema, domin ɗan kasuwa ba ya sake saro kayan da suka kwanta masa.

Jirgin da ke cikin bidiyon naka shi ne Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean. An ƙera shi a garin Turku na ƙasar Finlan, ya fara ɗaukar fasinja daga Miyami ta Amurka a watan Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, wato ya fi filin ƙwallo uku a jere, hawansa 20, kuma idan ya cika maƙil yana ɗauke da fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Ka ƙiyasta motocin safa masu kujera 70 da ke tashi daga nan zuwa Yamai: sai an cika fiye da 140 kafin a kwashe mutanen da ke cikinsa. Titanic da ya nutse a 1912, wanda duniya ta ɗauka ƙarshen girma ke nan, wannan ya ninka shi fiye da sau biyar a faɗin ciki. Lokacin da aka buɗe sayar da tikitinsa a watan Oktoban 2022, fiye da shekara guda kafin ya fara aiki, kamfanin ya sanar da cewa bai taɓa yin cinikin rana ɗaya kamar na wannan rana ba, a 2025 kuma ya fito da ɗan'uwansa Star of the Seas. Wannan tsere na girma ya kankama ne tun 2009 da jirgin Oasis of the Seas, kuma kamfanin MSC na Turai ya bi sahu, har jirginsa World Europa ya zama masaukin ƴan kallo a Doha lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022.

Dalilin girman, kai ka fi ni saninsa ko da ba ka taɓa ganin teku ba. Idan ka ɗauko kaya daga Kano a tirela, kuɗin dakon kowane buhu ya fi sauƙi a kan ka ɗauko su a ƙaramar mota, saboda direba ɗaya ne, hanya ɗaya, takardu ɗaya. Haka jirgin yake: kyaftin ɗaya, ɗakin tuƙi ɗaya, kuma man da ake ƙonawa bisa kowane fasinja yana raguwa yayin da fasinjan suke ƙaruwa. Wannan ne ya ba kamfanonin damar sauko da farashin tikiti har ya zo daidai aljihun malamin makaranta ko ma'aikacin jinya a Amurka da Turai, alhali a da shiga jirgin shaƙatawa abin attajirai ne da tsofaffin da suka yi ritaya. Rabin sirrin farin jinin waɗannan jirage araha ce.

Ɗaya rabin kuwa sauƙi ne. Matafiyi yana kwance jakarsa sau ɗaya, ya jera tufafinsa a kabad, sai ɗakin nasa ya riƙa yawo da shi: yau ya farka a Basalona, gobe a Marsai, jibi a Jenowa, ba neman otel, ba cinikin tasi, ba ɗaukar kaya. Abinci yana cikin kuɗin tikiti, kuma kusan kowane lokaci akwai inda ake ci. Yara suna da wuraren wasa da masu kula da su tun safe har dare, tsoho yana da inuwa da kujera, matasa suna da filin ƙwallo da wuraren ninƙaya, waɗanda a Icon of the Seas guda bakwai ne, ban da magangarun ruwa shida na sulɓi. Shi ya sa iyalai masu kaka da ƴaƴa da jikoki suka fi kowa son babban jirgi, domin kowa ya kama gabansa da rana, a haɗu a teburi ɗaya da dare, kuma ba a fargabar yaro ya ɓata a cikin baƙon gari.

Ni dai abin da ya fara kama ni ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Daren farko na shiga makewayin ɗakina na murɗa famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi, mai zafi da mai sanyi, na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa gani ba, sannan na yi maza na rufe saboda hannuna ya saba. Mutumin da ya tashi a garin da ake sauraron kukan famfo da tsakar dare a watan Afrilu, ake bin ƴan garuwa da rarrashi, garin da ƙarancin ruwa yake cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke masa matsayin babban birni zuwa Yamai a 1926, ba zai ga mutum dubu shida suna wanka sau biyu a rana a tsakiyar ruwan gishiri ya ƙi yin tambaya ba. Da na tambaya, wani injiniya ya bayyana mini cewa mafi yawan ruwan jirgin da kansa yake samar da shi daga teku, ta hanya biyu: ko a tura ruwan da ƙarfi ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi da gishiri ba ya iya ratsawa, ko a tafasa shi da zafin injin a tara tururin. Na daɗe ina tunanin wannan fiye da duk wasannin da aka nuna mana.

Sai dai, Alhaji, a nan ne nake so ka tsaya ka auna, domin kalmar matafiya da ka yi amfani da ita ta haɗa mutane iri biyu. Akwai mai neman hutu, akwai mai neman ganin duniya, kuma babban jirgi na farkon aka ƙera wa. Masu zana shi sun mayar da fuskarsa ciki: akwai titi mai shaguna da wuraren shan shayi a tsakiyarsa, akwai lambu mai dubban tsirrai na gaske, akwai gidajen kallo, har mutum yakan yi wuni guda bai ga teku ba sai in ya nema. Ɗakuna mafi araha ba su da taga ko kaɗan, kuma faɗinsu bai wuce murabba'in mita 15 ba. Na ga fasinjoji da yawa waɗanda ko an tsaya a gari ba sa sauka, suna cewa ranar ce wurin ninƙaya yake zama babu cunkoso. Kamfanonin sun fahimci haka sarai, shi ya sa Royal Caribbean yake da tsibirinsa na kansa a Bahamas mai suna CocoCay, inda fasinja yake sauka daga jirgin kamfani ya shiga filin wasan kamfani ya ci abincin kamfani, ya koma bai yi hulɗa da garin kowa ba.

Ga mai son ganin ƙasa kuwa, abin da ake ba shi kaɗan ne. Jirgi yakan iso da safe ya tashi kafin magariba. Takardar talla za ta rubuta Roma, amma jirgin yana tsayawa ne a tashar Cibitabekiya, wajen kilomita 80 daga birnin, saboda haka sai ka cire lokacin sauka da na mota zuwa da dawowa, abin da ya rage bai fi a ɗauki hoto a gaban tsohon gini a sayi tsaraba a guje ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kamar a kawo baƙo Damagaram da hantsi, a nuna masa ƙofar fadar Sarki da duwatsun Birni, a ratsa da shi Zango a cikin mota, a mayar da shi tasha kafin la'asar, sannan ya koma gida yana cewa ya san garin. Girman jirgin ma kansa yana rage masa wuraren zuwa, domin ba kowace tasha ke iya karɓarsa ba, shi ya sa za ka tarar manyan suna ta zagaya garuruwa ƙalilan iri ɗaya a Karibiyan da yammacin Bahar Rum kowane mako.

Cunkoson da ka ji tsoro yana nan, amma da lokutansa. An rarraba jirgin unguwa-unguwa da dabara, ta yadda a yawancin sa'o'i ba ka jin kana tare da dubban mutane, kuma da asuba na sha hawa can sama in tarar ba kowa sai ma'aikata masu wanke dandamali. Inda abin yake fitowa fili shi ne wurin karin kumallo na ɗebi-da-kanka wajen ƙarfe tara, inda na taɓa zagayawa sau uku da faranti a hannu ina neman kujera har shayina ya huce, da bakin na'urar hawa bene bayan an tashi daga kallo, da ranar sauka ta ƙarshe. Wanda ya yi jifan shaiɗan a Mina ba zai kira wannan cunkoso ba, amma can ibada ta kai shi, nan kuwa kuɗi ya biya don ya huta. Saboda haka ne wasu masu hali suke guje wa manyan jirage su nemi ƙanana ko da sun fi tsada, irin na kamfanin Viking masu ɗaukar mutum 930, waɗanda babu gidan caca a cikinsu kuma ba a karɓar yaro ƙasa da shekara 18.

Mazauna garuruwan da jiragen suke sauka su ma ba duka ke murna ba. Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Benis tun watan Agustan 2021, bayan shekaru ana ƙorafi a kan igiyar ruwan da suke tayarwa da haɗarin da ya faru a 2019 lokacin da wani jirgi ya ƙwace ya daki gaɓa. Majalisar birnin Amsadam ta kaɗa ƙuri'a a 2023 a fitar da tasharsu daga tsakiyar gari, Girka kuma ta sa wa fasinjan da ke sauka a tsibiran Santorini da Mikonos harajin Yuro 20 a lokacin da baƙi suka fi yawa. Kukansu shi ne mutum dubbai su cika lunguna na sa'o'i kaɗan, su koma jirgi su ci abinci su kwana, gari ya kwashi hayaƙi da shara, riba kuma ta bi jirgi.

Batun kuɗi yana buƙatar ka buɗe ido irin na kasuwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar manyan kamfanonin daga abin da fasinja yake kashewa bayan ya hau jirgi yake fitowa. Da ka shiga za a ba ka kati wanda shi ne makullin ɗakinka, shi ne kuma aljihunka, ba ka taɓa tsabar kuɗi sai dai ka miƙa kati, kuma kashe kuɗin da ba ka gani ba shi da zafi sai ranar biya. Lemon kwalba, intanet, wanki, gidajen abinci na musamman, hotuna, motar zagaya gari, duk daban ake biya. Akwai kuma tukuicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kowace rana ba tare da an tambaye shi ba, wanda a kamfanonin Amurka yake tsakanin dala 16 zuwa 20, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Mutum shida a kwana bakwai bisa dala 18, dala 756 ke nan kafin a sha ko ruwan kwalba ɗaya. A tafiyata ta farko, daren ƙarshe aka turo mini takardar lissafi ta ƙarƙashin ƙofa, na zauna bakin gado ina bin ta layi-layi da biro, na tarar abin da na kashe a ciki ya kusa rabin kuɗin tikitin, har da wani caji na hidima da aka ɗora bisa kowane kofin shayin da na saya. Tun daga ranar, duk wanda ya nuna mini farashin talla sai in ce ya ƙara rabinsa a kai, sannan ya sa kuɗin jirgin sama da biza da otel na daren da zai kwana kafin hawa. Idan tikiti Yuro 800 ne, wato sefa 525,000 da ɗan kaɗan ƙasa, wannan somin-taɓi ne kawai. Ba na jin haushin tukuicin kansa, domin masu gyara ɗaki da masu kai abinci, yawancinsu ƴan Filifin da Indunusiya da Indiya, suna yin wata shida zuwa tara a kan ruwa suna aiki kowace rana, kuma da wannan kuɗi suke riƙe gidajensu.

Abin da ya fi shafar gida irin naka shi ne yanayin zaman. An tsara waɗannan jirage bisa al'adar hutun Turawa, giya tana ko'ina, gidan caca yakan kasance a kan hanyar da dole ka bi zuwa wurin cin abinci ko gidan kallo, kuma a saman jirgi wajen ninƙaya mutane suna kwance da ɗan abin da bai kai a kira shi tufafi ba. A tafiya ta biyu na je da maiɗakina, ba wanda ya yi mata kallon banza saboda hijabinta, ma'aikata kuma sun girmama ta ƙwarai, amma ita da kanta ta daina hawa sama da rana, ta zaɓi barandar ɗakinmu. Yawancin jiragen ba su da masallaci, a ɗaki muke salla, alƙibla kuma tana juyawa da juyawar jirgi, sai ka duba taswirar da ake nunawa a talabijin ɗin ɗaki ko manhajar waya kafin kowace salla. Naman halal sai an nema a rubuce makonni kafin tafiya, kuma ba kowane jirgi ke samar da shi ba, mu dai kifi da ƙwai da ganye muka riƙe, da kilishin da muka yi guzuri.

Tsoron nutsewa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da ya kamata su dame ka. Haɗarin da ake tunawa shi ne na Costa Concordia a watan Janairun 2012, wanda ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya da mutum fiye da 4,000 a ciki, 32 suka rasu, kotu kuma ta ɗaure kyaftin ɗin shekara 16. Bayansa aka tsaurara doka, yanzu ana nuna wa kowane fasinja wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar ceto tun farkon tafiya. Babban jirgi kuma ya fi ƙarami natsuwa a kan ruwa, yana da fikafikai a ƙarƙashi masu rage tangaɗi, saboda haka jiri da tashin zuciya ba su cika damun mutane ba sai in teku ta yi fushi. Cuta ce ta fi saurin yaɗuwa a wurin da dubbai suke taɓa cokali ɗaya na zuba abinci, kamar yadda aka gani a jirgin Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Jafan a watan Fabrairun 2020, inda mutum 712 cikin 3,711 suka kamu da korona. Akwai likita a jirgi, amma ganinsa da tsada, don haka inshorar lafiya wajibi ce, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari.

Shawarata gare ka ita ce kada ka fara da mafi girma. Icon of the Seas daga Amurka yake tashi, na Bahar Rum kuma suna buƙatar bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, wadda samunta ya ƙara wuya ga mai fasfon Nijar tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024. Ƙattin jiragen ba sa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, waɗanda suke leƙa Dakar ko Lome jefi-jefi matsakaita ne da ƙanana. Ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce wadda ka riga ka saba bi. Daga Dubai da Abu Dabi da Doha akwai jirage a lokacin sanyi, daga wajen Disamba zuwa Maris, Saudiyya kuma ta ƙaddamar da nata kamfanin mai suna AROYA a watan Disamban 2024, da jirgi mai ɗaukar fasinja sama da 3,000 wanda ya fara tashi daga Jidda yana zagaya Bahar Maliya, babu giya, babu caca, abinci halal, da wuraren salla. Tekun da kakanninmu suka tsallaka daga gaɓar Sudan bayan sun yi watanni ko shekaru a hanyar hajji, ita ce yanzu ake shiga don hutu.

Ka gwada tafiyar kwana uku ko huɗu tukuna, kai da Hajiya, ka haɗa ta da umara ko da zuwan saro kaya don kuɗin jirgin sama ya yi aiki biyu. Ka ɗauki ɗaki mai baranda a tsakiyar jirgi, domin nan ne motsi ya fi ƙaranci kuma nan ne iyali za su sha iska ba tare da sun shiga taro ba. Idan ta karɓe ku har kuka yi niyyar komawa da yara, ka sani ana lissafin farashi ne bisa mutum biyu a ɗaki, yawancin ɗakuna kuma ba sa ɗaukar fiye da huɗu, saboda haka gida mai mata biyu da ƴaƴa tara zai buƙaci ɗaki uku ko huɗu, kuma sai an kama su da wuri kafin a same su a jere. Yawancin kamfanoni ba sa karɓar jaririn da bai kai wata shida ba, ko mai juna biyu da cikinta ya shiga mako na 24. Fasfon kowa ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Duk garin da kuka sauka, ka saita agogonka da lokacin jirgi, ku dawo da sa'a guda kafin lokacin da aka rubuta a bakin ƙofa, domin jirgin ba ya jiran wanda ya makara, kuma kuɗin bin sa zuwa tasha ta gaba daga aljihunka zai fito.